George Herbert, Mawaƙi da Faston Ƙauye

A cikin wannan wata muna so mu ba da labarin wani bawan Allah na ƙasar Ingila, wanda ya rasu tun shekara ta 1633. Sunansa George Herbert. Mai-yiwuwa waɗansunmu sun taɓa jin sunan a bakin 'ya'yansu, gama daga 2016 zuwa 2020 hukumar jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wadda a ke kira WAEC, ta sa wata waƙarsa cikin abin da 'yan sakandare za su karanta. Yaron da ya zaɓi adabin Turanci a waɗannan shekaru, ko a Bunkure ya ke ko a Kura, ya gamu da ita. A littattafan makaranta a kan ce Herbert yana cikin mawaƙan metafizika. Kalmar tana da nauyi a baki, har ta kan sa mutum ya zaci abin na manyan masana ne kaɗai. Amma wanda ya san zaman da mutumin ya yi ba zai sha wuyar gane irin waƙarsa ba, gama shi mai-ilimi ne da ya bar ƙofar sarki ya koma cikin manoma, ya ɗauki kayan aikinsu ya yi maganar Allah da su. Waƙar da mu ke nufi a nan ita ce rubutacciya, mai-baiti, irin wadda malamai su kan tsara a takarda.

Haihuwarsa da Ƙuruciyarsa

An haifi George Herbert ran 3 ga Afrilu 1593 a garin Montgomery, cikin ƙasar Wales, wadda ta ke yamma da Ingila. Gidansu babban gida ne, masu-ƙasa da suna. Ubansa Richard ya rasu a 1596, sa'anda George ya ke da shekara 3 kaɗai, ya bar matarsa Magdalen da riƙon 'ya'ya 10, maza 7, mata 3.

Magdalen mace ce mai-hankali da tsoron Allah. Ba ta sake wa 'ya'yanta linzami ba. Da babban ɗanta Edward ya ke karatu a Oksfod, sai ta kwashe iyali ta koma can domin ta sa masa ido, daga baya kuma suka koma Landan. A gidanta a kan yi addu'a tare kowace rana, ran Lahadi da dare kuwa a kan rufe yini da raira Zabura. Masu-ilimi da mawaƙa su kan zo gidan. Ɗaya daga cikinsu shi ne John Donne, wanda ya girme George da shekara 21, wanda kuma daga baya aka lissafta shi uban irin waƙar da mu ke magana a kai. Ashe tun yana yaro George ya ga wannan mutum yana shiga gidansu yana fita.

Aka sa shi makarantar Westminster a Landan, ya koyi harshen Latin da Helenanci da kiɗa. A can ya san Lancelot Andrewes, ɗaya daga cikin malaman da suka juya Littafi Mai-Tsarki zuwa Turanci bisa umurnin Sarki James, juyin nan da aka buga a 1611. A 1609 ya shiga Kwalejin Trinity a jami'ar Kambirij. Da sabuwar shekara ta 1610 ta zo, bai kai shekara 17 ba tukuna, ya aika wa uwatasa da gajerun waƙoƙi 2. Ya shaida mata cewa abin yana damunsa, yadda mawaƙan zamaninsa su ke ƙare basirarsu a kan yabon 'yan mata, ya kuma yi alkawari cewa abin da Allah ya ba shi na waƙa zai mayar wa Allah. Alkawarin ƙuruciya ya kan bi iska, amma wannan ya riƙe nasa har mutuwa.

Bakin Jami'a

Karatu ya karɓe shi ƙwarai. Ya sami digiri na fari a 1613, na biyu a 1616, ya zama malami a kwalejinsa. A 1620 aka zaɓe shi ya zama mai-magana da yawun jami'ar Kambirij duka. Aikin kuwa shi ne, in sarki ko wani babban baƙo ya zo, shi zai tashi ya yi jawabin maraba da harshen Latin. In jami'a za ta yi godiya ko roƙo wurin manya, shi zai tsara takardar. Albashin bai taka kara ya karya ba, amma muƙamin tsani ne. Wani wanda ya riƙe shi kafin Herbert, Sir Robert Naunton, ya kai har sakataren mulki na Ingila.

Herbert ya san wannan sarai, kuma ransa ya so. Kada mu ɓoye wannan, gama shi kansa bai ɓoye ba. Yana son tufafi masu-kyau, yana sane da girman gidansu, yana jin daɗi in manya suka yaba masa. Sarki James ya yi kyautar littafinsa ga jami'a a 1620, Herbert ya rubuta takardar godiya wadda ta gamshi sarki. Francis Bacon, babban masanin zamanin, ya ɗauke shi aboki, har a 1625 ya sadaukar masa da waɗansu Zabura da ya juya zuwa Turanci.

Duk da haka akwai abin da bai bar shi ya sake ba. A 1623 ɗan sarki, Charles, ya komo daga Sifen, inda ya tafi neman aure bai samu ba, mutanen fada kuwa suna ta zuga a yi yaƙi. Herbert ya tashi yin jawabi a kan komowar, ya yabi zaman lafiya, ya nuna ɓarnar da yaƙi ke yi. Wanda ya ke neman shiga a fada ba ya faɗin abin da fada ba ta son ji. A 1624 aka zaɓe shi wakilin Montgomery a Majalisar Dokoki, ya zauna ya ga yadda a ke tafiyad da mulki da idonsa. Gani ya kori ji.

Shekarun Jinkiri

Izaak Walton ya rubuta tarihinsa a 1670. Walton ya ce manyan da Herbert ya dogara gare su sun mutu bi da bi, Sarki James kansa ya rasu a 1625, sa'an nan begen fada ya mutu, Herbert ya juya ga aikin ekklisiya. Gaskiya ne sun mutu. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Amma masu-bincike na zamaninmu sun sami takarda wadda ta nuna cewa tun watan Nuwamba 1624 aka ba da izni a naɗa shi dikin, watau tun sarki yana da rai. Ashe zuciyarsa ta riga ta karkata kafin ƙofa ta rufu.

Sai dai daga zama dikin zuwa zama fasto ya ɗauki kusan shekara 6. Jikinsa ba shi da ƙarfi, zazzaɓi ya kan kwantad da shi, ba shi da gidan kansa, yana zaune wurin 'yan'uwa da abokai. Yana ganin kansa bai cancanci aikin ba, yana kuma ganin shekaru suna wucewa bai amfani kowa ba. Abokansa suna cewa mutum mai-irin asalinsa da iliminsa ya ƙasƙantad da kansa in ya zama faston ƙauye, gama a lokacin manyan gidaje ba su ɗauki aikin a bakin kome ba. Wannan kokawa ta zuci ita ce ta haifi waƙoƙinsa masu-yawa.

Ko cikin jinkirin bai zauna hannu sake ba. A 1626 aka ba shi wani muƙami wanda ya haɗa shi da ƙauyen Leighton Bromswold, inda majami'a ta lalace har ba a iya sujada a ciki. Ya roƙi taimako wurin dangi da abokai, ya sa nasa, aka soma gyara. Ya umurta a yi mumbarin wa'azi da mazaunin mai-jan addu'a tsayinsu ɗaya, domin kada a ɗaukaka wa'azi bisa addu'a, ko addu'a bisa wa'azi. Kusa da wurin akwai wani ƙauye, Little Gidding, inda abokinsa Nicholas Ferrar ya ke zaune da iyalinsa cikin addu'a da aikin hannu. Mu riƙe wannan suna, za mu sake gamuwa da shi.

Uwatasa ta rasu a 1627, John Donne ne ya yi wa'azin tunawa da ita. Herbert ya sauka daga muƙaminsa na jami'a. A watan Maris 1629 ya auri Jane Danvers.

Bemerton

A watan Afrilu 1630 aka danƙa masa ekklisiyar Fugglestone da Bemerton, ƙananan ƙauyuka kusa da birnin Salisbury, ran 19 ga Satumba na wannan shekara kuwa aka naɗa shi fasto. Majami'ar Bemerton 'yar ƙarama ce ƙwarai. Ita da gidan fasto duka suna bukatar gyara, ya gyara da kuɗin aljihunsa. Allah bai ba su haihuwa ba, amma suka ɗauko marayu mata 3, 'ya'yan 'yar'uwarsa, suka riƙe su kamar nasu.

Walton ya ba da labari cewa kowace rana sau 2, da ƙarfe 10 na safe da ƙarfe 4 na yamma, ya kan shiga majami'a da iyalinsa domin addu'a, manoma kuwa in sun ji ƙararrawarsa su kan tsai da garma su yi tasu addu'a a gona, kāna su ci gaba da huɗa. Sau 2 a mako ya kan taka da ƙafa zuwa babbar majami'ar Salisbury domin ya ji waƙoƙin sujada, bayan haka ya zauna da abokai su yi kiɗa, gama ya iya kaɗa wani abu mai-tsirkiya mai-kama da molo. Wata rana a hanya ya tarad da wani talaka wanda dokinsa ya faɗi da kaya. Ya tuɓe rigarsa ta fasto, ya taimake shi sauke kayan, suka ta da dokin, suka sake labta masa. Ya isa wurin abokansa duk ya yi datti, wani ya ce ya zubad da girmansa. Ya amsa masa da cewa tunanin abin da ya yi zai zama masa kiɗa da tsakad dare, da ya wuce kuwa bai taimaka ba, da lamirinsa ya hana shi sakat duk sa'anda ya bi wurin.

A nan Bemerton ya rubuta wani ƙaramin littafi a kan aikin faston ƙauye, domin ya sa wa kansa ma'auni. Ya gama shi a 1632, amma sai 1652 aka buga. A ciki ya ce ya kamata fasto ya san sha'anin noma da kiwo, domin mutane su kan gane abin da ba su sani ba ta wurin abin da suka sani. Ya ce manoma su kan riƙe labari da karin magana fiye da dogon gargaɗi, kada kuwa wa'azi ya wuce sa'a guda. Ya ce a koya wa mutane ta wurin tambaya da amsa, gama mutum ya iya yin barci cikin wa'azi, amma in an tambaye shi dole ya farka. Ya so fasto ya san ganyayen magani, ya kuma iya sulhunta maƙwabta kafin su kai ƙara. Ya lura cewa Littafi Mai-Tsarki kansa ya ambaci garma da gatari da mudu da yisti, domin a nuna kayan aikin yau da kullum sun isa su haskaka gaskiyar sama. Karin magana ma ya tattara, na ƙasashe dabam dabam, fiye da 1,000, aka buga su a 1640.

Rasuwarsa da Littafinsa

Bai cika shekara 3 a Bemerton ba tarin fuka ya ci ƙarfinsa. Da ya ga ajali ya matso, sai ya ɗauko wani littafi da ya rubuta da hannu, wanda jama'arsa ba su san da shi ba, ya ba wani fasto mai-suna Edmund Duncon ya kai wa Nicholas Ferrar. Saƙon da ya haɗa da shi shi ne, a cikin littafin akwai hoton kokawar da aka yi tsakanin Allah da ransa. In Ferrar ya ga zai taimaki wani mai-karyayyar zuciya, ya buga, in kuwa ba haka ba, ya ƙone. Ya rasu ran 1 ga Maris 1633, saura wata guda ya cika shekara 40. Aka binne shi cikin 'yar majami'arsa.

Ferrar bai ƙone ba. A cikin wannan shekara aka buga littafin a Kambirij da suna The Temple, watau Haikali, da waƙoƙi fiye da 160 a ciki. Kafin shekara ta ƙare aka sake bugawa, aka yi ta bugawa kuma bayan haka. Ba a daɗe ba yaƙin basasa ya tashi a Ingila tsakanin sarki da Majalisa, ekklisiya ma ta rabu. Abin mamaki, kowane gefe yana karanta Herbert. Sarki Charles ya karanta shi sa'anda ya ke tsare kafin a kashe shi a 1649, Richard Baxter kuwa, babban mai-wa'azi na ɗaya gefen, ya yabe shi ƙwarai. Bayan shekara 100 John Wesley ya gyara fiye da 40 daga cikin waƙoƙin domin a iya rairawa.

Yadda Za Mu Gane Irin Waƙarsa

Yanzu sai mu duba abin da ke cikin littafin, gama a nan ne za mu sami alamun da a ke gane mawaƙan metafizika da su.

Alama ta fari, su kan ɗauki wani abu na gida ko na sana'a, wanda ba wanda ya taɓa zaton yana da dangi da sha'anin rai, su ɗaure su tare, su bi misalin har ƙarshensa. Waƙar da 'ya'yanmu suka karanta sunanta The Pulley, watau ƙafar nan mai-juyawa wadda a kan ɗora wa igiya a bakin rijiya, in gefe ɗaya ya sauka ɗayan ya hau. Dattawan Bunkure sun san ɗan'uwanta. Kafin a gama madatsar Tiga a 1974, ruwa ya soma bin kanal zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, mai-lambu a bakin rafi da jigo ya ke ban ruwa: doguwar sanda bisa gwafa, guga a baki, curin laka a gindi. Nauyin nan da ke rinjaya ƙasa shi ne ke ta da ruwa sama. Herbert ya ce sa'anda Allah ya yi mutum ya zuba masa albarku, ƙarfi da kyau da hikima da daraja da jin daɗi, amma ya riƙe abu guda bai ba shi ba, watau hutu. Dalili kuwa, da ya ba shi, da mutum ya tsaya a kan kyautar ya manta da Mai-bayarwa. Saboda haka in nagarta ba ta kawo mutum wurin Allah ba, gajiya za ta kawo shi. Gajiya ita ce curin laka. Wanda ya sayad da tumatir da riba a bana, ya kwana yana lissafin baɗi barci ya ƙi zuwa, ya riga ya san rabin waƙar. Mu lura kuma, ban da sunan da ke bisa kanta, ba a ambaci abin jan ruwan ko sau ɗaya cikin baitocin ba. An bar wa mai-karatu ya haɗa da kansa, kamar kacici-kacici.

Alama ta biyu, waƙarsu tana da hujja a ciki, tana tafiya daga dalili zuwa dalili kamar mai-ƙara a gaban alƙali, sau da dama kuwa ta kan juya a ƙarshe inda ba a zata ba. Akwai wata mai-layi 14 wadda ya kira Redemption, watau Fansa. Mai-magana a ciki ɗan haya ne a gonar wani attajiri, hayar ba ta biya shi, ya ƙudura ya roƙi a soke tsohuwar yarjejeniya a yi sabuwa. Duk wanda ya taɓa karɓan hayar fili domin noman rani ya san wannan damuwa. Ya nemi mai-gonar a gidansa na sama, aka ce ya sauka duniya. Ya bi birane da fadodi, inda ya ke zaton za a sami babban mutum, bai same shi ba. Daga ƙarshe ya ji hayaniyar ɓarayi da masu-kisankai, ya tarad da shi a tsakiyarsu, ya amsa masa roƙonsa nan take, ya mutu. Ba a ambaci gicciye ba, ba a ambaci sunan Yesu ba, amma duk mai-bi ya gane.

Alama ta uku, su kan yi magana da harshen yau da kullum, su fara kamar mutum ya faɗo ɗaki yana tsakiyar zance. Wata waƙar Herbert ta fara da mutum ya bugi tebur cikin fushi, yana cewa ya gaji da wannan bauta, zai fita ya yi abin da ransa ke so. Ya yi ta faɗa, layukan ma suna tsalle ba tsari kamar zuciyarsa, har ya ji kamar an kira shi da murya irin ta uba ga ɗansa, ya amsa, fushin ya kwanta. Mutumin da ya yi shekara 6 yana jinkiri shi ya san wannan fushi. Bai ɓoye wa Allah gunaguninsa ba, kamar yadda masu-Zabura ba su ɓoye nasu ba.

Alama ta huɗu, waƙoƙin gajeru ne, a cushe, suna sa kai aiki da zuciya tare. Wani lokaci har siffar rubutun tana magana: akwai wadda ya tsara layukanta suka fito kamar fukafukai, wata kuma kamar bagadi.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce gare mu. Masu-waƙoƙin wa'azi na ƙasar Hausa tun dā su kan kwatanta duniya da tsohuwa wadda ta ci ado domin ta ruɗi samari, karin maganarmu kuwa cike ta ke da tukunya da akuya da rijiya. Abin da ya bambanta su Herbert shi ne nisan da ke tsakanin abu biyu da su ke haɗawa, da kuma yadda su ke riƙe misali guda su tatse shi sarai.

Inda Sunan Ya Fito

Metafizika kalma ce ta Helenawa, ana nufin binciken abin da ke bayan abin da ido ke gani, kamar rai da zamani da kasancewar Allah. Herbert bai taɓa jin an kira shi da wannan suna ba, su kuwa mawaƙan ba su kafa wata ƙungiya ba. Da zargi sunan ya soma. A 1693 wani mawaƙi, John Dryden, ya ce Donne yana cusa zurfin ilimi inda ya kamata a yi maganar zuciya. A 1779 Samuel Johnson, sa'anda ya ke rubuta tarihin Abraham Cowley, ya tara su ya raɗa musu sunan, yana ƙorafi cewa suna ɗaure abubuwan da ba su dace da juna ba da ƙarfin tsiya. Aka daɗe ana yi musu kallon raini, ko da ya ke masu-ibada ba su daina karanta Herbert ba. A 1921 wani malami, Herbert Grierson, ya tattara waƙoƙinsu ya buga, mawaƙi T. S. Eliot ya yi sharhi yana yabonsu, darajarsu ta komo.

Waɗanda a kan lissafta su ne: John Donne, wanda ya rasu a 1631 yana shugaban babbar majami'ar Bulus a Landan, shi ne ya kwatanta miji da mata da tafiya ta raba da abin zana da'ira mai-ƙafa biyu, irin wanda ke cikin akwatin lissafin 'yan makaranta, ƙafa ɗaya a kafe, ɗaya tana kewaya, amma a sama haɗe su ke. WAEC ta sa wata waƙarsa dabam daga 2021 zuwa 2025. Sai Herbert. Sai Richard Crashaw, wanda ya sa wa littafinsa na 1646 suna mai-nuna matakan hawa Haikalin Herbert. Sai Henry Vaughan, likita a Wales, wanda ya shaida a 1655 cewa zaman Herbert da waƙoƙinsa su suka juyo shi ga Allah. Sai Cowley, da Andrew Marvell, da Thomas Traherne, wanda ya rasu a 1674 amma ba a buga waƙoƙinsa ba sai 1903. Dukansu na ƙarni na 17 ne. Amma kada mu ce duk wanda ya yi waƙar addini a ƙarnin yana cikinsu. John Milton ya yi zamani da su, ya rubuta doguwar waƙa a kan faɗuwar Adamu, duk da haka ba a lissafta shi tare da su, gama tasa hanya dabam ce, mai-faɗi da manyan kalmomi. Wasu waƙoƙin Donne da Marvell kuwa na soyayya ne ɗungum. Da hanyar tsarawa a ke gane su, ko mene ne kan maganar.

Abin da Ya Rage Gare Mu

'Yan'uwa, muna sayad da shinkafa da albasa mu biya kuɗin makaranta, muna kuwa murna in yaro ya sami digiri. Amma sau nawa ya kan komo ƙauye ya zauna? In ya komo ya hau mumbari, sau nawa tsohuwar da ke zaune a baya ta kan tafi gida da abin da za ta riƙe? Herbert ya iya jawabi da Latin a gaban sarki, amma gwanintarsa ta fi bayyana sa'anda ya bayyana fansa da hayar gona. Sauƙaƙa magana mai-zurfi ya fi ɗaure ta wuya, sai wanda ya san abu sarai ya kan iya.

Fastocinmu da masu-bishara da malaman makarantar Lahadi suna zaune cikin misalai. Ga ruwan Tiga da ya taso daga nesa, amma ba ya shiga gonar da ba a buɗe wa hanya ba. Ga kanal da ciyawa ta toshe, na ƙarshen layi yana kuka. Ga irin shinkafa da a kan cire daga inda ya tsiro a dasa a wani wuri kafin ya yi albarka. Mai-wa'azin da ya bi kunya ya zauna da manoma zai sami abin faɗi wanda ba ya cikin littattafan da aka kawo daga nesa.

Akwai kuma waɗanda ke cikinmu masu-jinkiri, waɗanda suka ji kira tun da daɗewa, amma ciwo ko tsoro ko maganar abokai ta tsai da su, suna ganin lokaci ya ƙure. Herbert yana da shekara 37 aka naɗa shi fasto, aikinsa duka bai kai shekara 3 ba, cikin ƙauyen da ba a san shi ba. Ya mutu bai san ko za a buga littafinsa ko za a ƙone ba. Ekklisiyar Ingila tana tunawa da shi kowace shekara ran 27 ga Fabrairu, 'yar majami'ar Bemerton kuwa tana nan tsaye har yau, ana sujada a cikinta.

In yaro ya zo gida da wannan waƙa ta abin jan ruwa ya ce ta gagare shi, a aike shi wurin kakansa ya tambaya yadda jigo ke aiki, sa'an nan ya komo ya sake karantawa.